Maganin Kare Ƙashi a Amosanin Gaɓɓai: Abin da Yake Iyawa da Inda Ƙarfinsa Ya Tsaya

Mai amosanin gaɓɓai irin na rumatoyid da asuba ake gane ta. Na ce "ta" domin mata ne suka fi yawa a ciki, kusan kashi 70 cikin ɗari na mutum miliyan 18 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta suna fama da shi a 2019. Ta farka, yatsu sun sandare kamar an kwana ana ɗaure da su. Buta sai ta haɗa hannu biyu kafin ta ɗaga. Ɗaurin zani ya zama aiki, murɗe murfin kwalba kuwa sai dai ta kira yaro. Sai an yi awa guda ko fiye, rana ta ɗan ɗaga, sannan hannun ya fara saki. Kuma ba hannu ɗaya ba ne: dama da hagu tare suke kumbura, wuyan hannu, tushen yatsu, har da ƙananan gaɓɓan ƙafa.

A wurinmu duk ciwon gaɓa sunansa sanyi, ko sanyin ƙashi, ko amosani. Likita kuwa ya rarrabe su. Akwai wanda tsufa da nauyi ke kawowa, gwiwa ta goge saboda daɗewa tana aiki. Akwai kuma wannan da muke magana a kai, rumatoyid, sunan da wani likitan Landan, Alfred Garrod, ya raɗa masa a 1859. Shi ba ruwansa da gogewa. Garkuwar jiki ce ta rikice ta juyo kan mai ita. Tana kai hari kan wani siririn tantani da ya lulluɓe gaɓa ta ciki, wanda aikinsa fitar da ruwan da ke sa gaɓa santsi. Tantanin ya kumbura, ya yi kauri, ya tofo kamar tsiro, ya fara rarrafe kan abin da ke kusa da shi. Abu biyu ne a kusa: guringuntsin da ya rufe bakin ƙashi, da ƙashin kansa. Duk abin da zan faɗa nan gaba a kan bambancin waɗannan biyun ya rataya, don haka a riƙe shi.

Wanda ya taɓa ganin hoton ƙashin hannun mai wannan ciwo bayan 'yan shekaru ba ya mantawa. A gefen ƙashi, daidai inda guringuntsi ya ƙare, za ka ga 'yan ramuka kamar ɓera ya gaigayi ƙuli-ƙuli. Wannan ita ce zaizayar ƙashi. Sannan tazarar da ke tsakanin ƙashi da ƙashi, wadda a hoton lafiyayye take a buɗe, ta tsuke. Guringuntsi ba ya fitowa a hoton, tsukewar ce ke shaida cewa ya cinye. Zaizayar da wuri take farawa, a wurin masu ciwon da yawa cikin shekara biyun farko, kuma ramin da ya samu ba kasafai yake cikowa ba.

To me ke haƙa ramin? Shekaru da yawa ana ɗauka kumburarren tantanin ne ke cin ƙashi da kansa. Ashe 'yan aiki yake ɗauka, kuma 'yan gida ne.

Ƙashi ba busasshen abu ba ne kamar yadda muke ganinsa a mahauta. Kamar gidan ƙasa yake, kullum ana kankare tsohon yaɓe ana sa sabo, har ya kai kusan kashi 10 cikin ɗari na ƙashin babban mutum ana sabunta shi duk shekara. Masu kankara wasu manyan ƙwayoyin halitta ne da ake kira ostiyokilas. Sukan manne a jikin ƙashi su zuba masa sinadari mai tsami ya narke. Masu yaɓe kuwa, ostiyobilas, su biyo baya su cike. Muddin ɓangarorin biyu suna tafiya daidai, gini na tsaye.

Mai kankara ba ya fitowa aiki sai an kira shi. A 1997 da 1998 masu bincike suka gano kiran: wani furotin mai suna RANKL. Idan ya sauka a mazauninsa a jikin ƙwayar da za ta zama ostiyokilas, sai ta girma ta kama aiki. Suka kuma gano cewa jiki na da nasa mai tare kiran, wani furotin da ake taƙaita sunansa OPG, wanda ke cafke RANKL a hanya kafin ya isa. A gaɓar mai rumatoyid, kumburarren tantanin nan yana ta kwararo RANKL, sauran sinadaran kumburi irin su TNF suna ƙara zuga, su kuma masu yaɓe an danne su. Masu kankara suka yi yawa a wurin da ba a gayyace su ba.

An tabbatar da wannan a jikin dabbobi, kuma gwajin na da ban sha'awa. A 1999 aka ba ɓerayen da aka sa wa ciwon gaɓɓai OPG, ƙashinsu ya tsira, amma kumburin bai sauka ba. A 2002 masu bincike a Biyana, babban birnin Ostiriya, suka yi amfani da ɓerayen da jikinsu ba ya iya ƙera ostiyokilas ko ɗaya. Gaɓɓansu suka kumbura sosai, guringuntsi ya lalace, amma ƙashi ko ƙwarzane. Ba mai kankara, ba rami.

Daga nan tunanin ya taso, kuma tunani ne mai kyau. Tunda dai akwai magungunan da aka daɗe ana bai wa tsofaffin mata masu raunin ƙashi domin rage aikin ostiyokilas, me zai hana a bai wa masu rumatoyid su tsare gaɓɓansu?

Rukunin farko da aka duba shi ne bisfosfonet. Asalinsu ba ma na asibiti ba ne, masana'antu ke amfani da su wajen hana ƙanzon ruwa toshe bututu, sai a ƙarshen shekarun 1960 wani likita a Suwizalan, Herbert Fleisch, da abokan aikinsa suka nuna abin da suke yi wa ƙashi. Maganin yana manne wa jikin ƙashi ya zauna. Mai kankara ya zo ya narkar da wurin, ya haɗiye shi, ya gurgunce ko ya mutu. Alendironet, wanda aka sani da Fosamax, ya samu izini a Amurka a 1995, ana shan sa sau ɗaya a mako. Zoledironet ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, ta ƙarin ruwa ake sa shi, sau ɗaya a shekara.

Wajen hana karaya sun yi rawar gani. Wajen hana ramukan gaɓa kuwa sakamakon bai taka kara ya karya ba. Gwaje-gwajen da aka yi da waɗanda ake sha ta baki sun saɓa wa juna. Wanda ya fi jan hankali shi ne wani ƙaramin gwaji da aka wallafa a 2006, na mutum 39 masu sabon ciwo, inda aka ƙara zoledironet kan maganinsu na yau da kullum. Bayan wata shida hoton MRI ya nuna zaizaya ta fi sauƙi a waɗanda suka samu maganin. Sai dai mutum 39 sun yi kaɗan a gina hukunci a kansu, su kansu masu gwajin "hujjar farko" suka kira shi. Ɗaya daga cikin bayanan da masana ke bayarwa shi ne, a cikin kumburarriyar gaɓa sinadarin TNF na ba masu kankara kariya, sannan ana ta ƙero sababbi fiye da yadda maganin ke kashewa.

Sai denosumab ya shigo, shi kuma ta wata ƙofa ya biyo. Bai jira mai kankara ya fito ba, kiran yake tarewa. Kamfanin Amgen ya ƙera shi ya riƙa cafke RANKL, wato irin aikin OPG amma mai daɗewa a jiki. Allura ce ta miligiram 60 a ƙarƙashin fata duk wata shida, an ba ta izini a Amurka a 2010 da sunan Prolia domin raunin ƙashi. Tun kafin izinin, a 2008, aka wallafa gwajinsa a kan masu rumatoyid sama da 200 a Amurka da Kanada. Zaizaya ta ragu. Tsukewar gaɓa ba ta ragu ba. Zafi da kumburi suna nan yadda suke. Daidai abin da ɓeraye suka nuna.

Japanawa ne suka ɗauki maganar da gaske. Suka yi gwaji mai suna DRIVE da mutum kusan 350, sannan babban gwaji mai suna DESIRABLE da mutum sama da 650, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Tsutomu Takeuchi na Jami'ar Keio da ke Tokiyo, wanda aka wallafa a 2019. A watan Yulin 2017 hukumomin Japan suka amince a yi amfani da denosumab, wanda kamfanin Daiichi Sankyo ke sayarwa can da sunan Pralia, domin hana ci gaban zaizayar ƙashi a rumatoyid: allura duk wata shida, idan zaizayar ta ci gaba a mayar duk wata uku. Amurka da Tarayyar Turai ba su ba shi izini don wannan aikin ba.

A nan ya kamata a zauna da lambobin, domin su ne suka raba ra'ayin likitoci. Ana auna ɓarnar gaɓa da wani ma'auni da John Sharp ya kafa a 1971, wata likita 'yar Holan, Désirée van der Heijde, ta gyara shi a 1989. Mai karanta hoto zai bi gaɓɓan hannu da na ƙafa ɗaya bayan ɗaya yana ba da maki. Jimillar ita ce 448: maki 280 na zaizaya, 168 na tsukewa. A gwajin DESIRABLE, cikin shekara guda, waɗanda aka yi wa allurar da ba magani a cikinta makinsu ya ƙaru da 1.49. Masu allurar wata shida, 0.99. Masu ta wata uku, 0.72.

Rabin maki cikin 448. Mutum na iya cewa wannan ai taron dangi ne a kan kiyashi. Amma adalci shi ne a tuna cewa wannan matsakaicin lissafi ne. Yawancin masu shan magani yadda ya kamata ƙashinsu ba ya motsawa a shekara, 'yan kaɗan ne nasu ke zaizayewa da gudu, kuma a wurin 'yan kaɗan ɗin bambancin ba rabin maki ba ne. Ana iya hango su tun da wuri: waɗanda gwajin jininsu na anti-CCP, wanda ake yi don gano rumatoyid, ya hau, waɗanda alamun kumburi a jininsu suka ƙi sauka, da waɗanda tun hoton farko an ga ramuka. Shi kuma ciwon na shekara ashirin ne ko talatin, rabi-rabin nan taruwa suke.

Duk da haka, ba a nan gizo ke saƙar ba. A 2011 Daniel Aletaha da Josef Smolen na Biyana suka tattara bayanan gwaje-gwaje da dama suna tambayar: tsakanin ramin ƙashi da cinyewar guringuntsi, wanne ya fi nakasa mutum nakasar da ba ta komawa? Amsar da suka samu ita ce guringuntsi. Shi kuwa ba ostiyokilas ke cin sa ba. Wasu sinadarai masu narkarwa ne da kumburarren tantani ke fitarwa, har da waɗanda ƙwayoyin guringuntsin kansu ke fitarwa idan kumburi ya dame su. Denosumab ba ya ganin su, bisfosfonet ma haka. Matar nan mai buta za ta iya shekara tana karɓar allurar, hoton ƙashinta ya yi kyau, amma asubarta ba ta canza ba, kuma tazarar gaɓarta na ci gaba da tsukewa.

Shi ya sa duk gwaje-gwajen nan ƙari aka yi da maganin, ba musanya ba. Uwar tafiyar ita ce kashe kumburin. Metotireksat, wanda Amurka ta amince da shi don rumatoyid a 1988, har yau shi ne farkon abin da ake bayarwa. Sau ɗaya a mako ake sha, ina maimaitawa, a mako, domin an rasa rayuka a dalilin shan sa kullum bisa kuskure. Ana haɗa shi da folik asid, ana duba jini da hanta, kuma mai ciki ko mai neman ciki ba ta shan sa. Akwai salfasalazin, da haidiroksikulorokwin, da leflunomaid. In sun gaza sai a hau kan masu toshe TNF, waɗanda binciken Marc Feldmann da Ravinder Maini a Landan ya buɗe wa hanya, na farkonsu ya shiga kasuwar Amurka a 1998. Waɗannan jifa ɗaya suke yi su sami tsuntsu uku: zafi ya sauka, guringuntsi ya tsira, ƙashi ma ya tsira, tunda in kumburi ya lafa kiran masu kankara ya yi sauƙi da kansa. Wanda ya samu wannan, wace buƙata gare shi da mai tsaron ƙashi kaɗai? Ina ganin wannan ne babban dalilin da ya sa likitocin Turai da Amurka ba su rungumi hanyar Japan ba.

Amma ba kowa ke iya hawa kan masu toshe TNF ba. Suna da tsadar gaske, suna kuma iya tayar da tarin fuka da ke kwance a jiki, abin da a ƙasashenmu ba ƙaramar magana ba ce. Tsohuwa mai raunin ƙashi wadda ciwonta ya lafa rabi da rabi da metotireksat, wadda ƙirjinta ba zai ɗauki magani mai danne garkuwa sosai ba, kuma hoto na nuna ramuka suna ƙaruwa, irin wannan ce denosumab zai yi wa rana. A ganina nan ne gurbinsa, kuma gurbin ba shi da faɗi.

Akwai wani gurbin mai faɗi wanda ba a cika maganarsa ba, alhali ya fi shafar mutanenmu. Rumatoyid ba gefen gaɓa kaɗai yake ci ba. Sinadaran kumburi na yawo a jini, ƙashin jiki gaba ɗaya yana rage nauyi, mai ciwon kuma ba ya yawan motsi. Raunin ƙashi a cikin masu rumatoyid ya kai kusan ninki biyu na sauran mutane. Sai a ɗora sitiroid, wato magungunan nan masu saurin danne kumburi, a kai.

Labarin sitiroid da wannan ciwo ya faro. A 1948 Philip Hench na asibitin Mayo a Amurka ya ba wata mata da rumatoyid ya kwantar kotizon, cikin 'yan kwanaki ta miƙe tana tafiya. A 1950 aka ba shi kyautar Nobel tare da wasu mutum biyu. Ba a jima ba aka ga abin da ke biyo bayan daɗewa ana sha: kumburin fuska, hawan jini, ciwon suga, da ƙashi mai karyewa kamar karan dawa. A yau jikokin kotizon, firednisolon da deksametason, suna nan a kemis ana sayar da su ba takardar likita, wani lokaci a cikin haɗin ƙwayoyi da ake ƙulla wa mutum a leda a ce maganin sanyi ne. Mai ciwo ta sha, kwana biyu ta ji garau, ta ce ta dace. Wata shida, shekara, shekara uku. Kumatu sun ciko, 'yan uwa na cewa ta yi kyau. Ran nan ta sunkuya ɗaukar bokiti, baya ya riƙe. Ƙashin bayan ne ya durƙushe a wuri ɗaya. An gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Sitiroid yana danne masu yaɓe, kuma asarar ƙashin ta fi sauri a watannin farko. Ƙa'idar ƙungiyar likitocin amosani ta Amurka ita ce duk wanda zai sha firednisolon miligiram 2.5 ko fiye a kullum na sama da wata uku, a auna haɗarin karayarsa. Wanda haɗarinsa ya hau a ba shi maganin kare ƙashi, tare da kalsiyam da bitamin D. A nan ba jayayya, hujjar tana da ƙarfi, kuma alendironet mai araha yana aikin. Wanda ya daɗe kan sitiroid kuma kada ya yanke shi rana ɗaya, a hankali likita ke saukar da shi.

Kowanne daga magungunan nan na da sharaɗinsa. Alendironet da safe ake sha, ciki ba komai, da cikakken kofin ruwa zalla, sannan a zauna a miƙe ko a tsaya aƙalla minti 30, ba ci ba kwanciya. Wanda ya saba komawa barci bayan asuba ya kula, ƙwayar na ƙona maƙogwaro idan ta dawo. Shayi da madara suna hana ta shiga jiki. Zoledironet kan sa zazzaɓi da ciwon jiki kwana biyu zuwa uku bayan ƙarin ruwan farko, har mutum ya ɗauka maleriya ce. Dukansu biyu ba a ba wanda ƙodarsa ta yi rauni sosai.

Denosumab ba ta ƙoda yake fita ba, amma yana iya faɗar da kalsiyam na jini, musamman ga wanda bitamin D ɗinsa ya yi ƙasa. A Janairun 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta sa masa gargaɗi mafi tsanani game da masu ciwon ƙoda da ya yi nisa, musamman masu wankin ƙoda. Sannan akwai matsaloli biyu da rukunan biyu suka yi tarayya a kai, ba su da yawa amma ba a mantawa da su: mutuwar wani sashe na ƙashin muƙamuƙi, galibi bayan cire haƙori, da wata irin karayar ƙashin cinya da kan zo bayan shekaru ana amfani da maganin. Don haka ake so a ga likitan haƙori a gyara abin gyara kafin a fara.

Abin da ya fi ba ni tsoro game da denosumab a wurinmu shi ne dainawa. Bisfosfonet a jikin ƙashi yake zama, ko an daina yana ci gaba da aiki na wani lokaci. Denosumab kuwa a jini yake, wata shida na cika ƙarfinsa ya fara janyewa. Duk waɗanda za su zama masu kankara da aka tare tsawon lokaci sai su fito gaba ɗaya, aikinsu ya zarce yadda yake kafin a fara maganin. Cikin shekara ɗaya zuwa biyu nauyin ƙashin da aka tara ya zube, wasu kuma ƙashin bayansu ya karye a wurare da dama cikin 'yan watanni. Shi ya sa likitoci ke cewa kada allura ta makara fiye da wata guda, kuma in za a daina dole a maye gurbinta da bisfosfonet.

Yanzu ka auna wannan da yadda muke jinya. Allurar a firij ake ajiye ta. Ɗa ya turo kuɗin ta farko da ta biyu, lokacin ta uku kasuwa ta yi masa nauyi, ko an je kantin magani an ce ta yanke sai wani watan. Likitocin amosani 'yan ƙalilan ne a Najeriya, mafi yawansu a manyan asibitocin koyarwa, mai ciwo daga ƙauye kan yi tafiyar yini kafin ta ga ɗaya. Kafin a yi wa Hajiya allurar farko, sai iyali sun zauna da likita an fitar da lissafin ta biyu da ta uku da ta huɗu, an rubuta ranakunsu a jikin katinta, an kuma amince da abin da za ta koma sha ranar da allurar ta gagara.